Maraɗi: a inuwar dogon yaro, inda ake tada tsofaffin babura

Duk wanda ya shigo Maraɗi da hantsi ta hanyar Yamai, bayan ya baro Gidan Rumji da Tsibiri, kunnensa ne ke fara sanar da shi ya iso. Kukan babura ne ko'ina: na ƴan kabu-kabu masu kai mata kasuwa, na ma'aikata masu gaggawar isa biro, na mutanen ƙauye da suka ɗauro buhun hatsi ko akuya a baya. Yawancinsu sababbin zuwa ne daga Sin da Indiya, kukansu kusan iri ɗaya. Amma jefi-jefi sai a ji wata siririyar ƙara ta ratso tsakani, shuɗin hayaƙi na biye da ita. Dattawa na jin ta sukan ɗaga kai, domin sun shaida muryar. Tsohon Yamaha 100 ne, ko Suzuki, ko kuwa mobilet da ta ga zamanin gyaɗa, ta ga na iraniyom, har yanzu ba ta kwanta ba.

Mai karatu zai so ya san yadda ƙarfen da ya shekara 40 ko fiye yake ci gaba da tafiya, alhali kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da daina yin irinsa. Amsar tana wurin waɗansu mutane masu baƙin mai a hannu, waɗanda ke zaune a gindin itatuwan dogon yaro a Sabon Gari da kewayen babbar kasuwa da bakin hanyar Ɗan Isa. Tana kuma bisa wata doguwar hanya wadda ta tashi daga Maraɗi ta ƙetare iyaka.

Garin fatake

Maraɗi gari ne na saye da sayarwa tun asalinsa. Sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu ne suka kafa mulki a nan a farkon ƙarni na 19, a bakin gulbi. Ambaliyar 1945 ta sa aka hau da garin bisa tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Cinikin gyaɗa ya tada alhazan da sunansu ya kai ko'ina cikin ƙasa, kuma da farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗar, sai suka ƙara ba da ƙarfi ga fatauci da Nijeriya. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, Yamai kuwa ta haura 600. Wanda ya riƙe wannan lissafi ya fahimci dalilin da ya sa makanikin Maraɗi, in ya rasa wani ƙarfe, kudu yake fara dubawa.

A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin iraniyom suka shigo, malamin lekwal da malamin asibiti da malamin gona suka samu halin sayen abin hawa. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi mobilet ta kamfanin Motobécane ko Peugeot, wanda ya fi shi ya sayi Yamaha ko Suzuki ko Honda. Ayyukan raya karkara suka raba ma ma'aikatansu dogayen Yamaha DT masu iya rairayi. Waɗansu baburan sun zo daga Faransa da Japan, waɗansu an haɗa su a Bobo-Julaso, waɗansu kuma a Nijeriya, inda Honda ta kafa kamfaninta a 1979. Ragowar wannan zamani ne ake gani yau jingine a gareji, kowane da tarihin gidan da ya fito.

Gareji

Garejin babura a Maraɗi ba ya bukatar gini. Inuwar itace ce, ko rumfar kwano mai ƙafa huɗu, da benci guda, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo inda kile-kile da guduma ke kwana. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin saboda man shekaru. A gefe akwai rabin jarka da aka yanka, cike da isansi, inda yara ƴan koyo ke wanke ƙarafa da tsohon buroshin haƙori. Mai isansin ruwa-ruwa na kusa da kwalabensa, mai faci na gaba kaɗan, mai shayi ma bai yi nisa ba. A bayan rumfar kuwa akwai abin da baƙo zai ɗauka juji ne: gangar jikin babura marasa ƙafa, tankuna masu tsatsa, injina da aka farke. Wannan tarin shi ne dukiyar maigidan, kuma ya san abin da ke cikinsa kamar yadda makiyayi ya san garkensa.

A irin wannan wuri akan ga dattijo ya turo babur da hannu, gumi na zuba. Sau da yawa tsohon malamin lekwal ne da ya yi ritaya, shi ya sa har yanzu ana ce masa Mushe, ko da furfura ta game kansa. Yaran sukan ruga su karɓi baburin, a ba shi benci, a gaisa a tambayi iyali da gajiya, sa'an nan a zo kan magana. Shi kuwa yakan kira makanikin da maigida, ko da ya girme shi, domin a gindin itacen nan shi ne mai wuri. Baburin da ya turo shi ya kai shi aiki ƙauyuka shekara da shekaru, shi ya kai uwargida asibiti daren haihuwa, shi ke kai shi gona da karɓar fansho. Kuɗin sabo ba su samuwa daga fansho. In wannan ya kwanta, ƙafa ce ta rage.

Makanikin kirki ba ya fara kwance inji. Buji yake fara cirewa ya duba bakinsa. In ya ga launin ƙasa-ƙasa, cin mai daidai yake. In baƙi ne mai kunkunniya, mai ya yi yawa ko iska ta toshe. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, injin na zafi fiye da kima, kuma piston na cikin haɗari. Daga nan sai ya jingina bujin ga inji ya taka kik ya ga ko wuta na tsalle, sa'an nan ya toshe ramin bujin da babban yatsa ya ji ƙarfin iskar da piston ke turowa. Wuta da mai da matsi, in ukun nan sun cika, babur ba ya da dalilin ƙin tashi. Wanda ya ɓace a cikinsu shi ke nuna inda za a nufa.

Iri biyu na inji

Tsofaffin baburan nan kashi biyu ne, kuma rabonsu a kasuwar piyas ya bambanta ƙwarai. Mobilet da Yamaha 100 da Suzuki da DT duk masu bugu biyu ne: ba su da tafkin baƙin mai a ƙasan inji, man da ke sa ma piston santsi tare da isansi yake shiga ya ƙone, shi ya sa suke hayaƙi. Mobilet melanji take sha, wato isansi da aka gauraya da baƙin mai wajen kashi 4 cikin 100. Yamaha da Suzuki suna da ƙaramin famfo da ke auna man da kansa daga wani tanki na dabam. Da famfon ya tsufa aka rasa irinsa, makanikai da yawa sukan cire shi su ce ma mai babur ya riƙa gauraya da hannu. Dabara ce mai aiki, amma ran da aka manta, ko aka ba yaro aron babur bai sani ba, piston ya kama cikin silinda tun ba a yi nisa ba.

Honda kuwa masu bugu huɗu ne, kuma a nan sa'a ta faɗo ma masu su. Honda CG 125, wanda aka fito da shi a 1975, an yi shi ne musamman domin ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a canza baƙin mai a kan kari. Injinsa mai sauƙi ne, mai jimiri. Da kamfanonin Sin suka tashi ƙera babura masu araha, wannan inji da na ƙaramin Honda mai kwantaccen silinda su suka fi kwaikwaya. Saboda haka tun da baburan Sin suka cika kasuwa a farkon shekarun 2000, mai tsohon CG yakan shiga shago ya samu piston da segiman da faifan ambirayaj da suka hau injinsa, ko da ba su kai na asali ƙarko ba. Mai Yamaha 100 ko mobilet bai samu wannan gata sosai ba. Kamfanin Motobécane ya karye tun farkon shekarun 1980, ya koma hannun Yamaha da sunan MBK, kuma duniya ta juya baya ga inji mai bugu biyu saboda hayaƙinsa. Kowace shekara piyas ɗinsu na ƙara nisa.

Babban abokin gaban duka biyun shi ne ƙura. Iskar hunturu na ɗauke da rairayi mai laushi kamar gari, kuma in matatar iska ta yage, ko aka cire ta don babur ya ƙara gudu, rairayin nan na shiga ya riƙa cin silinda kamar sabulu. Maganinsa a kai silindar wurin mai injin gyaran ƙarfe, wanda ake kira turner, ya faɗaɗa ramin a sa piston da ya fi na da kauri. Matakan sanannu ne: 0,25 na milimita, sai 0,50, sai 0,75, sai 1,00. Tsohon babur na Maraɗi sau da yawa ya riga ya cinye matakan nan huɗu. Daga nan sai dai a dasa sabuwar riga ta ƙarfe cikin silindar a koma ma'aunin farko, ko a shiga neman wata silindar.

Hanyar piyas

Neman yakan fara ne a gida. Maigida ya tona tarin bayan rumfa. In babu, ya aiki yaro da tsohon ƙarfen a hannu, domin ba a sayen piyas ɗin tsohon babur da baki, sai an aza tsohon kusa da sabon an gwada. Yaron ya zaga shagunan kewayen kasuwa, ya bi sauran gareji ɗaya bayan ɗaya. Litinin da Juma'a, ranakun cin kasuwar Maraɗi, mutanen ƙauye kan kawo matattun babura su sayar, kuma makanikai na rige-rige da masu sayen ƙarfe a kilo, domin abin da ya hau sikeli ya tafi ke nan.

Akwai abubuwan da ba su wahalar samu in mutum ya san sirrinsu. Rulma, alal misali, lamba gare ta wadda duniya duka ta yarda da ita. Wadda aka rubuta ma 6202 ko 6301 ɗaya ce ko a babur take ko a injin ban ruwa, saboda haka makanikin da ya iya karanta lambar ba ya tambayar ta Yamaha, lambar yake tambaya. Haka sarƙa mai lamba 428 take hawa babura da yawa. Abin da ke tada hankali shi ne wanda aka yi ma iri guda kaɗai: silinda, bilbireke, haƙoran giya, murfin inji, bolan mai ba da wuta.

In Maraɗi ta gaza, sai a ba direba ko ɗan kasuwa saƙo. Hanyar ta bi ta Ɗan Isa, ta ƙetare a Magama, ta faɗa Jibiya, sa'an nan Katsina, sa'an nan Kano, inda Sabon Gari da kasuwar Ƙofar Ruwa suka tara sabo da tsoho. Mutanen Damagaram ta Matamai ko Magarya suke bi su sauka Daura da Kano, na Tawa kuwa ta Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato. Bayan Kano akwai wata uwar kasuwar can kudu, Nnewi ta ƙasar Ibo, garin da ya shahara da cinikin kayan babura, kuma daga can ne dillalai da yawa na arewa ke sari. Ta yamma kuma akwai kasuwar Katako a Yamai, inda tsohon ƙarfe ke samun rai na biyu, da kayan okaziyo da suka daɗe suna shigowa ta tashoshin ruwan Kwatanu da Lome.

Wanda aka aika yana bukatar harshe biyu, ko da yake Hausa ake yi a ɓangarorin biyu. Abin da Bamaraɗe ke kira buji, Bakano fulogi yake ce masa. Segiman ya koma ringi, rulma ta koma boris, bobin ya zama kwayil, kile ya zama sifana, moto kansa ya zama mashin. Kuɗi ma haka: a nan ana lissafi da dala da jikka, dala tamma 5, jikka tamma 1000, a can kuwa naira ce, sai an bi ta hannun ƴan canji. An sha aika mutum ya dawo da abin da ba shi aka nema ba saboda suna ya ruɗe shi. Shi ya sa tsohon ƙarfen, a naɗe cikin tsumma, yakan yi tafiyar shi ma.

Hanyar nan ba kullum take buɗe ba, kuma duk abin da ya taɓa ta sai an ji shi a gindin dogon yaro. Nijeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, tamma 50 da ke sayen faran guda na Faransa ta koma 100, kayan Turai da Japan suka ninka kuɗi dare ɗaya, kuma tun daga lokacin mutane da yawa suka haƙura da na asali. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ga kuma ƴan bindiga da suka addabi dazuzzukan iyaka, har dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi a 2019. A irin waɗannan lokuta babur kan yi wata da watanni a jingine saboda ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Wayar salula ta rage wahala: yanzu akan ɗauki hoton abin a tura ma dillali a Kano ta WhatsApp, a yi ciniki kafin mota ta tashi. Amma hoto ba ya nuna nauyi, ba ya kuma nuna ingancin ƙarfe.

Abin da ba a samu ba, a ƙera shi

Inda saye ya ƙare, nan hannu ke farawa. Juwan da ke hana mai zuba tsakanin murafun inji akan yanke shi daga kwali mai kauri: a aza kwalin bisa murfin, a riƙa bugun gefe a hankali da ƙaramar guduma har siffar ta fito da ramukanta. Matatar iska akan yanke ta daga soson katifa a jiƙa da ɗan baƙin mai. Bobin da ya ƙone akan kai shi wurin mai naɗin waya, ya warware tsohuwar yana ƙirga zagaye, ya naɗa sabuwa daidai adadin. Bilbireken inji mai bugu biyu akan raba shi da matsi, a sa sabuwar sanda da rulmarta, a haɗe, sa'an nan a daidaita shi da gudumar tagulla har ya daina rawa. Murfin alminiyom da ya tsage mai walda ya ɗinke shi. Wanda ya wuce ɗinki kuwa ya tafi wurin masu zubin tukwane, ya narke ya koma tukunyar tuwo.

Tsofaffin babura da ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa suke ba da wuta, waɗanda ake kira bis. Tsohon makaniki da takardar taba sigari yake daidaita su: ya saka ta tsakani, ya juya bolan a hankali, inda takardar ta kuɓuce nan ne wuta ke tashi. Yau an fi cire su a dasa ƙaramin akwatin wuta na baburan Sin, wanda ba ya bukatar daidaitawa. Babur yakan tashi da bugu guda, mai shi ya ji daɗi, sai dai akwatin in ya mutu a daji ba ya gyaruwa, alhali bis da ɗan tsinken ƙarfe da haƙuri sukan kai mutum gida.

Akwai kuma inda dabara ke zama ganganci, kuma makanikan kirki ba su ɓoye wannan. Takalmin birki da aka manna ma sabuwar fata da gam marar ƙarfi yakan saɓule cikin gudu ya kulle ƙafa. Wayar birki ta keke ba ta ɗaukar nauyin babur da mutum biyu da buhu. Ƙahon gaba da ya karye aka yi masa walda yana jiran rami na farko. Kayan jabu kuma sun cika shaguna, cikin kwalaye masu sunan manyan kamfanoni. Akan gane su da rashin nauyi, da kaushin zubi, da rubutun da ke gogewa da yatsa, da rulmar da ke ƙara tun tana sabuwa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma a kan birki da taya da sarƙa arahar kan ƙare ne a gadon asibiti. Sarƙa ma ba a canza ta ita kaɗai: sabuwar sarƙa bisa tsofaffin haƙora ba ta daɗewa, sai a canza ukun tare.

Magada

Yaran da ke wanke ƙarafa a rabin jarka su ne abin dubawa. Uba kan kawo ɗansa da goro ya danƙa ma maigida, yaro ya shekara yana miƙa kile kafin a bar shi ya taɓa karburato, ya ƙara shekaru kafin a sallame shi da addu'a da ƴan kayan aiki. Amma aikin da ke shigowa yau yawancinsa na cire a sa ne. Piyas ɗin baburan Sin da Indiya na nan a kowane shago, kuma sau da yawa sabon karburato bai fi kuɗin wahalar gyaran tsoho ba. Ɗan kabu-kabu na sauri, kowace sa'a da ya yi a benci hasara ce gare shi da mai baburin da ke jiran kuɗin yini. Yaron da ya tashi cikin wannan ya iya canzawa da sauri, amma bai taɓa naɗa bobin ba, bai taɓa daidaita bis ba. Ran da iyaka ta sake rufuwa, ko kuɗi suka sake karyewa, wanda ya iya gyara ne za a nema, kamar yadda aka neme shi a 1994 da 2019. Su ma baburan da ake kira sababbi yau, nan da shekaru kaɗan tsofaffi ne.

Da la'asar sakaliya, in an yi sa'a saƙon Kano ya iso, akan ga an haɗa injin Mushe bisa buhun da aka shimfiɗa. Maigida da kansa ke ɗaure ƙusoshin kan silinda, ɗaya nan ɗaya can, don kada murfin ya karkace. A zuba melanji mai ɗan yawan baƙin mai saboda sabon piston, a taka sau biyu, sau uku, sai siririyar ƙarar nan ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe rumfar, yara su yi shewa. Maigida ya ja kunnen mai babur: kada ya yi gudu, kada ya ɗauki kaya mai nauyi sai piston ya zauna, ya kuma dawo bayan mako a sake ɗaure ƙusoshi. A yi ciniki cikin mutunci, a biya rabi, rabi sai fansho ya fito. Dattijo ya naɗe babbar riga, ya hau, ya bi titi a hankali ya nufi gida kafin kiran magariba.

Allah shi kiyaye hanya, shi sa albarka ga sana'a.